Mabuɗin Ladan da Aka Goge daga Motata

Zuwa ga Injiniya, mai shagon gyaran mabuɗan mota da jiniyarsu, a nan birnin Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa irin ta addini, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan sana'a. Ban ambaci sunanka ba, ban kuma faɗi layin da shagonka yake ba, domin rufa asirin Musulmi abu ne da aka hore mu da shi, kuma ni ba kasuwarka nake son kashewa ba. Kai dai ka san kanka, ka kuma san dattijon nan na Mabera mai tsohuwar farar mota, wanda ka zolaya ka ce ya fi motarsa ƙwari. Sau uku na zo shagonka domin in yi maka wannan magana a kunne, kowane zuwa sai maƙwabcinka mai fenti ya ce mini ka fita aiki. Na kira wayarka, wata baiwar Allah ta yi ta ba ni haƙuri da Turanci. Tunda kuwa abin a gaban jama'a ya auku, na ga babu laifi in rubuta shi inda jama'a za su gani.

Na farko, ya kamata ka san wace irin mota ce ka taɓa. Suna dai tawa ce, amma aiki ta unguwa ce. Mabuɗinta biyu, kowanne da rimot ɗinsa. Ɗaya yana aljihuna, ɗayan kuwa shekara da shekaru yana hannun Malam Haruna, ladanin masallacinmu, wanda ya yi tuƙin haya a ƙuruciyarsa. Ka'idar da muka ajiye ita ce, duk wanda lalura ta kama, naƙuda ce ko zazzaɓi mai zafi ko faɗuwar tsoho, ba sai an nemo ni ba. Ladan za a ƙwanƙwasa wa, shi zai tayar da mota. Mun zaɓe shi ne saboda ba ya nisa da masallaci, kuma ba a taɓa jin wani ya ce ga abinsa a wurin Haruna ba.

Na biyu, abin da ya kawo ni wurinka. Rimot ɗina ne ya fara nauyin kunne. Da, daga bakin zaure nake dannawa mota ta amsa. Sai ya zama sai na matsa kusa da ita, na danna sau uku, na ɗaga shi sama kamar mai duban wata. Na sa aka canza masa ɗan batirin nan mai kama da kwabo, bai sake hali ba. Da na kawo maka, ka ɓare shi ka nuna mini cikinsa ya yi kore, ka tambaye ni ko ruwa yana taɓa shi. Na gaya maka gaskiya: mutumin da yake alwala sau biyar a yini, yana kuma sa jiƙaƙƙen hannu a aljihu, ba zai rantse ba. Ka yi dariya, ka goge shi da ɗan buroshi, ka gwada, ka ce ya riga mu gidan gaskiya, sai dai sabo. Na yarda. Ka ɗauko sabon, ka shiga mota, ka jona kwamfutarka a ƙarƙashin sitiyari, ka murɗa mabuɗi, ka yi 'yan danne-danne. Ƙofofi suka kulle kansu suka buɗe, fitilu suka ƙifta sau biyu, ka ce mota ta karɓe shi. A nan ina shaida maka da alheri: hannunka yana da sauri, sabon rimot kuwa har yau bai saɓa mini ba.

Na uku, wani ƙari da ka yi mini wanda ban roƙa ba. Ka ce ka ɗan ƙara wa jiniyar kaifin ji saboda halin gari. Injiniya, ba ɗan ƙari ka yi ba. Tun daga ranar, motar nan ta zama mai ra'ayi a kan komai. Tirela ta wuce ta bakin titi, ta yi kuka. Bajimin maƙwabcina ya sosa wuyansa a jikinta, ta yi kuka. Muna zaure da manyan ɗalibai bayan la'asar, na kai tsakiyar bayani a kan abubuwan da ke warware alwala, sai ta karɓe karatun, har wani dattijo a cikinsu ya ce in ƙara ta a lissafin, domin shi dai ta kusa warware tasa. Wannan duka mun ɗauke shi abin raha, da a nan ya tsaya da ba ka ga takardata ba.

Na huɗu, wanda shi ne dalilin rubutun. Ranar wata Alhamis na bi jama'a a motar haya zuwa ta'aziyya wani ƙauye. Bayan azahar kaɗan, wuƙa ta zame wa maƙwabcinmu Mamman mahauci ta tsarge masa tafin hannu. Aka ɗaure da ƙyalle, jini ya ƙi tsayawa, aka yi wurin Ladan kamar yadda aka saba. Ladan ya tallabo shi har gindin mota, jinin ya ɓata masa gaban riga. Ya danna rimot, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Sai ya yi abin da duk mai hankali zai yi, ya zura ƙarfen mabuɗin ya buɗe ƙofa da hannu. Nan take jiniya ta ɗauka, fitilu suka shiga walƙiya. Ya murɗa, injin ya ƙi tashi, domin a wurin motar, wanda ya riƙe ta shekaru ya zama baƙo.

Lokacin zafin rana ne, mazan unguwa kowa yana wurin nemansa. Waɗanda suka fara isowa 'yan kabu-kabu ne masu wucewa a kan baburansu na haya, ba su san Ladan ba, ba su san Mamman ba. Abin da idonsu ya nuna musu shi ne mutum da jini a riga yana kokawa da motar da ke ihu, ga wani zaune a ƙasa riƙe da hannu. Ɗaya ya ce ɓarawo ne ya sari mai mota. Kafin Mamman ya haɗa kalma biyu, an finciko Ladan ta wuyan riga, rawaninsa ya faɗi a ƙasa, wani ya ɗaga hannu. Allah Ya sa matan unguwa suka leƙo, wata tsohuwa ta fito ba ko takalmi tana cewa su sake shi, wannan ne mai tashe su sallar asuba. Suka sake shi, suka yi ta ba da haƙuri, wanda ya fara kama shi ma shi ya goya Mamman zuwa asibiti. An ɗinke hannun, yana samun sauƙi, alhamdu lillahi. Motar kuwa ba ta yi shiru ba sai da aka cire mata kan batir.

Da na dawo da yamma, Ladan ya same ni a zaure. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya ajiye mabuɗin a kan buzuna ya ce, "Malam, ga amanarka. Shekara talatin ina kiran mutane su taho salla, yau ƙarhe yat tara min mutane su buge ni. Ba ni ƙara riƙon shi." Na rarrashe shi har magariba, bai ɗauka ba. Abin da ya fi damuna, magana ta riga ta fita, kuma ta canza kama a hanya. A unguwar Gidan Dare wani ya tare ni yana tambaya wai da gaske ne na sa an canza mabuɗi a ɓoye saboda na daina yarda da ladaninmu. Ka ji inda aikin minti goma ya kai.

Na biyar, na bi diddigin abin, domin ba na son in ɗora maka laifi da zato. Na tambayi wani abokin sana'arka, ba tare da na faɗi sunanka ba. Ya bayyana mini cewa irin wannan mota, idan za a gabatar mata da sabon rimot, takan manta duk waɗanda ta sani a da, sai wanda aka danna mata a wannan zaman kaɗai take riƙewa. Saboda haka ka'idar aikin ita ce a tara mabuɗan duka kafin a jona kwamfuta. Ya ce wannan ba ɓoyayyen ilimi ba ne, farkon abin da ake koya ne.

Zan yi maka adalci: ni ma ban ce maka akwai mabuɗi na biyu ba. Amma ta yaya zan san faɗarsa tana da amfani? Ni idan aka zo mini da rabon gado, ba na taɓa alƙalami sai na tambaya ko akwai wani magaji da ba ya nan, ko yana tafiya, ko yana ciki ba a haife shi ba. Ba na jira masu gado su tuna, domin ni ne na san abin da mantuwar za ta haifar. Kai kuwa ka zauna ka yi rabo, ka ba wanda ke gabanka duka, ka fitar da wanda bai halarta ba, ba ka ko tambaya ba. Malamanmu na fiƙihu sun yi dogon bayani a kan nauyin da ke wuyan mai sana'a game da abin da aka danƙa masa, kuma ba su taƙaita shi ga abin da ya fashe a hannunsa kaɗai ba.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba kuɗi ba ne. Ka sa wa kanka al'ada, kai da duk mai irin aikinka da ya karanta wannan, ta tambayar kowane mai mota mabuɗi nawa gare shi, kuma a hannun wa suke. Ka rage wa jiniyar nan kaifi ta koma yadda take, ta bar dabbobin mutane su yi susarsu. Sannan babban roƙon: ka zo masallacinmu da kwamfutarka, kowace rana ka ga dama, ka yi la'asar tare da mu. Idan an sallame, a gaban mutanen da suka ji labarin a karkace, ka mayar da mabuɗin Ladan cikin motar, ka kuma faɗa da bakinka cewa aikinka ne ya goge shi, ba umarnina ba. Na san wani zai iya yin gyaran, har an yi mini tayi. Amma wanin ba zai iya faɗar wannan jimlar ba, ita kuwa nake bukata. A yanzu mabuɗan biyu suna aljihuna, na hana kaina tafiya ko'ina, domin akwai gidaje biyu a layinmu da ake sauraron haihuwa.

Na gaya wa Ladan zan rubuta maka. Ya ce, "In ya taho, ni ka hwara miƙa mai hannu. Shi dai ya taho."

Allah Ya sa albarka a sana'arka, Ya tsare hannunka daga kuskure, Ya ba ka masu ciniki masu haƙuri, Ya kuma sauƙaƙa maka hanyar Mabera.

Wassalam.

Naka a addini,
Malam Buhari Sanda,
Mabera, Sakkwato.