Taken da Baba Bai Sani Ba

Abbasiya, Alƙahira
Watan Fabrairu

Zuwa ga Yayata Zulaihatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Abban yara da su Ihsan. Yaya ƙafar Inna, ta sauka? Yaya idon Baba? Ni lafiyata ƙalau, sai dai gajiya da sanyin garin nan mai shiga ƙashi.

Kada ki yi mamakin ganin hoton wasiƙa maimakon kira. Na san halinki, da na buga sai ki ƙure muryar waya ki ajiye ta a kan tabarma, kowa na tsakar gida ya sa baki. Wannan maganar kuwa ba ta tsakar gida ba ce.

Albishir tukuna. Duktura Samar, malamar da ke duba aikina, ta sa hannu a kundin digirina na biyu. An tsayar da watan Mayu don munaƙasha, wato ranar da zan zauna gaban manyan malamai in kāre abin da na rubuta. Ya kamata in yi tsalle, amma wallahi tun da kika ce Baba ya daidaita aikin idonsa a asibitin Mohandessin da wannan lokacin don ya halarta, abinci ya daina yi min daɗi.

Yaya, a nan ba a yin munaƙasha a ɓoye. Biki ne. Dangi suna zuwa da furanni da alewa, ɗaliban ƙasarku su cika zauren, sannan a buga wani ƙaton kyalle da suke kira yafta, a rataye a bayan ɗalibi, da sunansa da taken aikinsa da manyan baƙaƙe. Shugaban zama kuma ya karanta taken a lasifika.

Duk tsawon zamana a nan, in Baba ya tambaya sai in ce ina bincike a kan hukunce-hukuncen ta'aziri, wato horon da aka bar wa alƙali ya ƙayyade. Ban yi ƙarya ba, amma ban gama maganar ba. Cikakken taken shi ne hukuncin saduwa da dabba, tsakanin fiƙihu da dokokin ƙasashe. To, na rubuta. Ki yi salatinki ki gama, ina jiranki.

Kin san yadda Baba ya tsaya shi kaɗai gaban ƙannensa lokacin da suka ce ba a tura mace Masar. Kin san yadda yake faɗin sunana a zaure in almajiransa manya sun taru. Ba faɗa nake tsoro ba, Baba ba ya faɗa. Fuskarsa nake tsoron gani in ya ji wannan kalma a lasifika haɗe da sunansa, don sunansa ne a bayan nawa.

Don Allah ki shirya min shi kafin ya taso. Ke ce mai bakin lallashi a gidanmu. Ki gaida Inna, amma ko da wasa kada ta ji.

Ƙanwarki,
Hidaya

Abbasiya
Watan Maris

Yaya Zulaihatu,

Sallama da gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Na ji zazzaɓin Ihsan, Allah ya ƙara sauƙi. Saƙonki ya iso, na kuma sha faɗa har na ƙoshi. Kin ce duk faɗin ilimi, ga gado, ga zakka, ga ciniki, me ya kai ni kwata. Haba Yaya. Bari in gaya miki, don ban taɓa gaya wa kowa a gida ba.

Kin tuna lokacin da nake aikin rajista a kotu kafin in sami tallafin karatu? An taɓa kawo wani mutum da aka kama da jaka, wato macen jaki, ta wata tsohuwa mai suna Fatu. Da jakar nan take ɗebo ruwa tana sayarwa, ba ta da kowa. Aka yanke masa hukuncinsa, aka tafi da shi. Amma tun kafin a zo kotu mutanen ƙauyen sun kashe jakar, wai ta zama abin ƙyama, wai haka addini ya ce. Fatu ta yi ta zuwa tana zama a bakin baranda. Ba ta iya faɗin abin da ya kawo ta saboda kunya, mu ma ba mu iya tambayarta saboda kunya. Har ta gaji ta daina zuwa.

Da na zo nan na buɗe littattafai, sai na tarar a mazhabarmu ta Malikiyya hukuncin mutumin ta'aziri ne, dabbar kuma ba a kashe ta. Wasu malaman wasu mazhabobin ne suka ce a kashe. Yana nan cikin littafin da Baba ke karantarwa a zaure. Na tuna ma in ya iso layin sai ya karanta da sauri, ya ƙi fassarawa, ya wuce. Da wani ya taɓa fassara layin nan da Hausa, da Fatu tana da jakarta.

Daga nan na bi dokokin ƙasashe, kaina ya yi ta juyawa. A tsohuwar dokar laifuka ta Arewa ɗaurin shekaru ne masu yawa. A jihohin da ke da dokar Shari'a, bulala da ɗauri. A nan Masar na bi kundin dokarsu shafi-shafi ban ga an kira abin da sunansa ba, sai dai a lalubo shi ƙarƙashin rashin kunya a fili. Jamus ta taɓa cire shi daga laifuka, daga baya ta dawo da hani, amma ta sa shi a dokar kare dabbobi. Wasu maƙwabtanta ma ba su hana ba sai kwanan nan. Mu muna tambaya wane haddi na Allah aka ƙetare, su suna tambaya ko dabbar ta cutu. Mai dabbar kuwa, talaka irin Fatu, da ƙyar na ga inda aka tuna da ita. Babi guda na ware mata.

Mutanen ma haka suke, kowa da nasa. Na aika wa wata malamar jami'a a Turai tambaya, ta amsa min dalla-dalla kamar na tambaye ta farashin tumatir. Mai kula da ɗakin karatu na nan kuwa, da ya ga takardata, sai ya ce astagfirullah, ya miƙo min littafin yana kallon bango. Namu ɗaliban su ne ƙarshe. Ban san wanda ya fara ba, amma yanzu in na shiga taron ƙungiyar ɗaliban ƙasarmu sai in ji ana ƙus-ƙus, wai ga Malamar Jakuna. Da farko ina kuka. Yanzu ko ƙarfin kukan ba ni da shi.

Na roƙi Duktura Samar a sassauta taken, ko a yafta kaɗai. Ta ce ma'alish, wato in yi haƙuri, an riga an yi masa rajista, harafi ɗaya ba ya canjawa. Ta ƙara da cewa likita ba ya jin kunyar sunan cuta. Ita da sauƙin faɗa, ubanta ba limamin unguwa ba ne.

Mahasin, 'yar Sudan ɗin da muke haya tare, tana gaishe ki. Ita ce ke dafa min shayi tana cewa khalas, wato shi ke nan, abin da zai faru ya faru. Kin dai yi wa Baba maganar? Ba ki ce komai a kai ba.

Taki,
Hidaya

Mohandessin
Watan Mayu

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina rubuto miki daga ɗakin jira na asibiti. Baba ya iso lafiya, ya ce in gaya wa Inna ya ci dambun da ta ƙulla masa tun a jirgi.

Ashe ba ki gaya masa ba. Tun a filin jirgi na gane, da ya dafa kaina yana kirana Malama Hidaya da fara'arsa duka. Ban yi fushi ba. Ni da na kasa tsawon shekaru, ina ni ina ganin laifinki.

An yi aikin, an cire yanar idon. Zan gaya miki wani abu, ki rufa min asiri. Da likita ya ce wani lokaci ido yakan daɗe bai washe ba, sai na ji wani sanyi a raina. Na ce shi ke nan, ba zai iya karanta yafta ba, lasifika kuma sau ɗaya ce, wataƙila hayaniya ta rufe. Ubana, Yaya. Na zauna ina fatan idon ubana ya yi jinkiri. Na yi istigfari har bakina ya bushe.

Allah kuwa ya ba shi lafiya tangaram. Da aka cire bandejin muka fito, sai ga Baba yana karanta duk allon da muka wuce da ƙarfi, na mai sayar da ful, dafaffen waken nan nasu, na kantin magani, har na jikin bas, yana gyara musu nahawu yana dariya kamar yaro. Rabon da in gan shi haka na manta. Likita ya ce ya kiyayi haske mai ƙarfi da tsayuwa mai tsawo, ya kuma riƙa sa baƙin tabarau.

Sau da yawa na buɗe baki in faɗa masa. Jiya ma na kawo masa shayi na durƙusa, ya ce mene ne, na ce sukarin ya isa? Munaƙasha jibi ce. Ki yi min addu'a, na gaji sosai.

Hidaya

Abbasiya
Ƙarshen Mayu

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, da ke da yara. Yanzu Baba yana hanya, gobe in sha Allahu kuna tare. Ina so ki ji daga gare ni kafin ki gan shi.

Na ci. Sun ba ni daraja mafi girma, har ɗaya daga cikin malaman ya ce babin mai dabba ya kamata a buga shi. Mahasin ta yi guɗa irin tasu har aka juyo ana kallonmu.

Mun isa da wuri, zauren babu kowa sai yaftar tana rataye. Baba ya cire tabarau ya tsaya a gabanta. Na ga leɓɓansa suna motsi, ya kai ƙarshe, ya koma farko. Ni ina bayansa riƙe da kundi. Bai juyo ba. Ya mayar da tabarau, ya je layin gaba ya zauna, ya ɗora hannuwansa a kan sandarsa.

Zauren ya cika fiye da yadda na zata. Na san da yawa ba don ni suka zo ba, sun zo ne su ji an faɗa a lasifika. Aka faɗa. Na ji 'yar dariya daga baya. Na yi bayanina, na ba da labarin Fatu ba tare da sunanta ba, na karanta layin nan na littafin zaure na fassara shi a hankali. Ban kalli Baba ba ko sau ɗaya, don na san in na kalle shi muryata za ta tafi.

Da aka gama sai hotuna. Al'adar ita ce ɗalibi ya tsaya gaban yafta kowa ya zo a ɗauka. Na ga samarin nan masu yi min ƙus-ƙus sun ɗaga wayoyi suna gyara tsayuwa don taken ya fito tare da fuskata, na kuma san inda hoton zai kwana. Sai Baba ya miƙe. Ya zo ya tsaya a gefena, daidai kan kalmar, ya sauke hannayen babbar rigarsa ya baza su, suka rufe ta. Aka kawo masa kujera ya ƙi. Mahasin ta tuna masa maganar likita, ya yi kamar ba ya jin Larabci. Fitilun wayoyi suna ta walƙiya a idon da aka yi wa aiki, ruwa yana gangaro masa ta ƙarƙashin tabarau, bai gusa ba sai da na ƙarshensu ya gaji ya fita.

Mahasin ta ce ni yake karewa. Ni kuma wani lokaci in ce haka ne, wani lokaci in ce sunansa yake rufewa. Ban sani ba, Yaya. A mota ya sa min albarka, doguwar addu'a irin tasa, amma har muka rabu a filin jirgi bai ce uffan a kan aikin ba, ni ma ban tambaya ba. Idon ya yi ja, likita ya ƙara masa magani ya yi mana faɗa. Ki tabbata yana ɗigawa a kan lokaci.

Na dawo gida ɗazu jikina duk a mace. Na shiga ɗakin da ya kwana don in kwashe shimfiɗa. Dama na ajiye kundina a kan tebur tun ranar munaƙasha, ban ba shi ba, ban kuma ɗauke ba. Sai na ga bangon kundin kaɗai, baƙin nan mai ɗauke da taken da rubutun ruwan zinare. An bi gindinsa da reza an yanke shi tsaf, yadda yake yi in zai sake wa tsohon littafi ɗinki. Takardun ciki babu ko ɗaya.

Ga bangon nan a gabana ina rubuta miki. In kin je kwance masa jaka za ki ga damin takardu marasa suna. Kada ki tambaye shi, kada ki nuna kin gani. Ki dai ajiye masa su a zaure kusa da buzunsa, inda haske yake.

Ki gaida Inna da kyau, ki sumbatar min Ihsan. Zan kwanta in huta.

Ƙanwarki mai kewarki,
Hidaya Muhammadu