Jikana ya kwaikwaye ni a fim, yanzu ana yi mini kallon shugaban ɓarayin daji

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin ka sakaya sunana, ko da yake mutanen yankinmu za su gane ni tun kafin su kai ƙarshe. Don Allah ku ba ni shawara, amma wanda ya san dariya ce za ta kawo shi kwament ya wuce abinsa, an yi mini ita ta ishe ni.

Ni dattijo ne, na haura saba'in, ina zaune a ƙasar Tudun Wada. Ƙuruciyata a fataucin shanu ta ƙare, na zauna Abeche a Cadi, na zauna Marwa da Ngaundare a Kamaru, na kai shanu har Kumasi. A yawon nan na samu Fulatanci da Larabcin Cadi da ɗan Faransancin da zai raba ni da jandarma, 'yan sandan can. Da na dawo gida sai harsunan nan suka zame mini aiki. In shanu suka shiga gonar wani a wajen Burumburum, ko manoma suka nome burtali, wato hanyar shanu, ni ake kira in zauna a tsakani, in juya maganar wannan ga wancan, in rage mata zafi kafin ta isa kunne. Ba ni da albashi, ba ni da sarauta. Abin da nake da shi kawai, kowane ɓangare ya yarda ba zan ci amanarsa ba.

Ina da jika, ɗan babbar 'yata, zan kira shi Lado. Tun yana ƙarami ba abin da ya iya sai kwaikwayon mutane, kuma ni ya fi iyawa. Ina sa farar jallabiya irin ta Cadi da hirami a kafaɗar hagu, ba na rabuwa da wata 'yar shuɗiyar butar shayi, ina jan ƙafar dama tun da wani bijimi ya taka ni, kuma in rai ya ɓaci a wajen sulhu nakan ɗaga tafin hannu in ce "jam tan", da Fulatanci ke nan lafiya kawai. Duk wannan Lado yana yin sa a tsakar gida ranar salla, mata su yi ta faɗuwa don dariya, har da ni. Yana kiran kakarsa amaryarsa, ni kuma tsohon da ya ƙi sakar masa mata. Wasan jika da kaka ne, kowa ya san kaka ba ya fushi da shi.

Ya tafi Kano ya shiga wasan barkwanci, yana fitowa a maigadi ko ɗan ƙauyen da mota ta firgita. Ban so ba amma ban hana ba. Sai aka shigo wani yayi, daraktoci suna ɗaukar 'yan barkwanci suna ba su bos a finafinan nan na harbe-harbe marasa nauyi, bindigar katako, motar aro guda, a yi ta guje-guje a daji. Na kalli finafinan Indiya da na Caina a gidajen silima na Kumasi da Njamena tun iyayen waɗannan daraktocin ba su yi aure ba. A can bos yana da fuskarsa, kana ganinsa ka san mugu ne, kuma bai yi kama da kakan kowa ba. Ko mai ban dariya aka ba shi wurin, sabon mutum yake ƙerawa. Namu kuwa ragwaye ne, ba su da komai a hannu sai kwaikwayo, in aka ce su zama mugu sai su waiwaya su ɗauko wanda suka sani.

A bakin dajin Falgore suka ɗauki fim ɗin. Labarin wai an sace ɗan wani attajiri, akwai wani tsoho Baba Tafinta mai kai magana tsakanin dangi da ɓarayi, a ƙarshe sai ta bayyana shi ne shugabansu. Lado ne Baba Tafinta. Jallabiya, shuɗiyar buta, jan ƙafa, bai bar komai ba. Hiramin da ke kafaɗarsa ma nawa ne, ya karɓa wajen kakarsa da cewa biki za shi. In zai sa a harbe mutum sai ya kurɓi shayi, ya ɗaga tafin hannu, ya ce jam tan.

Da yara suka fara bina suna nuna ni da yatsa kamar bindiga ban kula ba. Amma ranar kasuwar Tudun Wada 'yan banga suka tsayar da mai acaɓar da ya ɗauko ni, ɗaya ya ce, "Baba Tafinta, yau ina aka baro yaran?" Suna dariya, amma sai da suka zazzage jakata a ƙasa. Bayan nan Arɗon da muka yi shekaru muna shan shayi tare ya aiko cewa mutanensa suna tsoro, in suka zauna kusa da ni za a ce ga ɓarayi ga ubangidansu. Dagaci kuma ya ce Alhaji bana ka huta, alhali ga zaman burtali kafin girbi, kuma wanda suka samu a madadina yana juya zagi yadda aka faɗe shi.

Na sa aka kira Lado. Ya zo da baƙin gilashi ya tsuguna yana murmushi, ya ce, "Tsoho, ai suna na yi maka kyauta, har Nijar an san butarka." Na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa wa jinina ba. Ya ce ai an rubuta a farkon fim cewa ƙirƙira ce, na ce wa ke ganin farkon fim, guntu-guntu ake turawa a waya. Uwarsa ta sa baki, wai Baba jikanka ne fa, yaushe kaka ya fara riƙe wasan jika. Na ce mata wasan jika a tsakar gida ake yin sa, inda duk mai dariya ya san ko ni wane ne. Wanda aka kai bakin Falgore aka haɗa da bindiga ba sunansa wasa ba, a yankin da mutum ke rasa ransa kan a ce an ce.

Abin da ya sa na rubuto ya faru a makon nan. Wani mutum daga wajen Doguwa ya yi sallama, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa yana magana ƙasa-ƙasa. An ɗauke ƙanensa a hanya. Wani ya nuna masa guntun fim ɗin a waya ya ce wannan tsohon na gaske ne, jikansa ne ma ya tona shi. Ya ce in dubi Allah in yi wa yarana magana. Na rantse masa da duk abin da Musulmi ke rantsuwa da shi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Na sani Alhaji, ba a amsa irin wannan a fili." Ya tafi ya bar zakara ɗaure a ƙofar zaurena.

Yanzu an ce sun fara shirin kashi na biyu. Hanya biyu ke gabana kuma kowacce ɗaci gare ta. In na kai ƙara kotu a tsayar da fim ɗin, sana'ar yaron ta mutu, ba daraktan da zai ƙara taɓa shi, uwarsa kuma ta rantse ba za ta sake tako gidana ba, ga gari zai ce tsoho ya kai jikansa gaban alƙali. Shi kuma Lado abin da ya kawo, in zauna kusa da shi a yi bidiyo mu yi dariya tare a ce wasa ne. Wato in ba shi fuskata ta gaske ya ƙara tallar fim ɗinsa da ita.

To jama'a, in kai shi kotu ko in zauna gaban kyamararsa? Masu cewa in yi haƙuri, ku fara gaya mini abin da zan ce wa mutumin Doguwa, don ya ce zai dawo jin amsar yarana. Zakaransa yana nan a ɗaure, na hana a yanka, na kuma rasa wanda zan aika ya mayar masa ba tare da ya ɗauka cewa na ƙi sakin ƙanensa ba.