Ɗorawar gonarmu tana nan

Zuwa ga Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da su Ummi. Yaya zaman Minna? Mu nan Tafoki kowa lafiya, sai kewarki.

Malamin kimiyya ya sa kowa ya ƙiyasta hayaƙin da gidansu ke saki, wanda ke ƙara wa duniya zafi. Na haɗa hayaƙin babur ɗin Baba na zuwa kasuwar Ƙanƙara da na injin niƙa, amma na itacen girki ya fi yawa. Malam ya ce bishiyoyi ne ke shanye irin wannan iskar.

A makon ne na ji Baba zai sayar wa masu gawayi ɗorawar gonarmu, wadda kike kakkaɓo mana mu dawo gida baki duk rawaya. Kunya ta hana ni yi masa magana, sai na kai ƙara wurin Kaka.

Ta ce, "Ke ɗiyar boko, hayaƙin tuwona kike awo? Ni daddawata nake ji!"

Ta kira Baba, ta ce muddin tana raye ba mai sa wa iccen nan gatari.

Ki sa ni a addu'a, jarrabawa ta matso. Ki gaida kowa. In ɗorawar ta nuna, zan ajiye miki rabonki.

Ƙanwarki,
Saratu