An Auna Mu da Kayan Aro

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Kula da Tsofaffi da Majinyata na jam'iyyar alheri ta jama'armu a Makka, da dattawan da ke zama tare da shi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta addinin Musulunci, ina fatan wannan takarda ta same ku lafiya, ku da iyalanku. Allah ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi da marasa ƙarfi, ya sa ta a mizani.

Sunana Safiya, 'yar marigayi Malam Haruna, ina zaune a Shisha. Ban saba ɗaga murya ba, balle a gaban manya. Na yi ta zuwa ofishinku har na fara jin nauyin mai gadi, kullum amsar ɗaya ce: an riga an yanke, sai shekara ta zagayo. Shi ya sa na rubuta a fili, kuma da Hausa, don iyayenmu mata da ba sa gane Larabcin ofis su ji idan an karanta musu. Abin da ya same ni yana nan yana jiran wasunsu.

Maganar ta yayana ce, Idrisu, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yi shekaru yana tuƙa bas tsakanin Kudai da Harami, har ranar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Matarsa ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba. Ni ma mijina ya rasu, 'yata ɗaya tana aure a wani gari da ƙananan yara. A nan aka haife mu, amma igama, takardar zaman baƙi, muke riƙe da ita, don haka ba mu da ƙofar da za mu buga sai taku.

Kun buɗe mana, ban manta ba. Kun turo Malam Sani, dattijo mai haƙuri, yana zuwa safe da yamma. Shi ke yi wa Yaya wanka da tsarki, ya sauya masa kunzugu, ya juya shi, ya wanke mikin da kwanciya ta jawo masa a baya. Albashinsa riyal dubu da ɗari biyu a wata, ku ɗari tara, ni ɗari uku. Ban taɓa tsallake wata ba. Bayan Sallar Layya kuka ce za a sake duba ƙarfin kowane gida, kuka turo ma'aikaciyarku. Sakamakon ya zo a juye: ni ɗari tara, ku ɗari uku. Ga abin da nake so ku sani game da wannan awon.

Na farko, abin da yarinyar nan ta gani a ɗakinmu ba namu ba ne. Ba ina kuka da ita ba. 'Yar mutunci ce, ta durƙusa ta gaishe ni, ta kira ni hala, wato inna, Hausarta kaɗan ce amma ta yi ƙoƙari. Sai dai an sanar da mu ranar zuwanta tun da wuri, kuma ku kanku kun san abin da ake yi a gidajenmu idan an ce baƙo na tafe. Kafin in ce komai matan benenmu sun shigo. Wannan ta kawo kafet, waccan matasan jingina, wata tulun gahawa da kofunansa masu ruwan zinariya. Maƙwabciyata ta sama ta sa aka sauko da labulenta, ta kuma aiko da shinkafa da nama. Malam Sani ya yi wa Yaya wanka da wuri, ya sa masa farar jallabiya da hula, suka kama shi da maƙwabcinmu suka zaunar da shi a falo, aka tokare shi da matasai ta ɓarin da ya mutu. Na turara ɗakin har warin jinya ya ɓace. Ba mu yi don mu ruɗi kowa ba. Da yaudara muke so, ai ɓoye kaya za mu yi, ba aro ba. Haka muka tashi muka ga ana yi: ba a nuna wa baƙo tsiraicin gida. Kafin magariba kowa ta zo ta ɗauki kayanta, muka koma kan tsohuwar ledar da ke ƙasa. Amma a takardarku an rubuta cewa gidan yana cikin wadata.

Na biyu, an tambayi Yaya yadda jikinsa yake, ya ce alhamdu lillahi. An tambaye shi ko akwai abin da yake bukata, ya ce yana cikin ni'imar Allah. Ranka ya daɗe, me ake so ya ce? Mutumin da ya haura sittin, a gaban yarinyar da ta yi 'ya a wurinsa, ya buɗe baki ya ce ba ya iya riƙe fitsari? Mahaifinmu yana gargarar mutuwa ma godiya yake yi idan an gaishe shi. Godiya ga Allah ba rahoton likita ba ce. Ba wanda ya ɗaga rigarsa ya ga bayansa, kuma bai kamata mace ta ɗaga ba. Malam Sani, wanda ya san kowane miki da ke jikin nan, yana tsaye a bakin ƙofa, ba a tambaye shi komai ba.

Na uku, an tambaye ni abin da ya shigo hannuna a watan da ya wuce, na faɗi gaskiya: kusan riyal dubu huɗu. Watan da ya wuce ɗin nan Zulhajji ne. A mausim, wato lokacin aikin Hajji, nake dafa tuwo da miyar kuka ina sayar wa alhazan ƙasarmu da suka gaji da shinkafa, ina tsaye kan wuta har ƙafata ta kumbura. Wannan kuɗin shi ne hayar gida ta rabin shekara, kuma tuni yana hannun mai gida. Na yi ƙoƙarin bayyana mata haka, ta ce gurbin da aka ba ta a takarda na wata ɗaya ne. Sauran watannin shekara abin da nake samu ɗan ɗinki ne, da abin da matan da nake biya wa karatun Alƙur'ani suka ga dama suka ajiye, don ban taɓa yanka musu kuɗi ba. Kowa a kwamitinku ya san Mina ba ta cika sai kwanakin Hajji, kuma haka aljihun talakan Makka yake. Ta yaya za a auna shekarar mutum da wannan watan?

Na huɗu, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Tun da labarina ya bazu, mata sun fara koya wa juna dabara. An ce idan za a zo, a naɗe kafet a kai maƙwabta, a cire ɗan kunne, kada a yi wa majinyaci wanka ranar, a bar shi cikin ƙazantarsa don a gani a tausaya. An ce idan an tambayi kuɗi a faɗi na watan Safar. Wata ta ce da ni wauta na yi. Wataƙila. Amma ni a makarantar da na yi an koya mini cewa ƙarya haram ce ko da a kan takarda, kuma suturta mara lafiya hakki ne a kan danginsa. Idan awonku ya zama mai gaskiya da mai sutura su ne ke faɗuwa, to ku duba abin da kuke koya wa jama'a. Na san asusunku ba teku ba ne, na san akwai waɗanda suka fi mu bukata, kuma ban ce kada a auna ba. Duk mai hali ya biya. Amma a auna abin da ke akwai.

Ga inda muke yanzu. Watan nan na haɗa ɗari taran da sayar da keken ɗinkina, wanda kuma shi ne rabin abincinmu. Ba ni da na gaba. Malam Sani ya ce zai riƙa leƙowa ranar Juma'a don Allah, amma yana da iyali, kuma an yi masa tayin wani aikin daga farkon wata. Ban ga laifinsa ba. Na ɓoye wa Yaya maganar, sai dai ɗaki ɗaya da falo ba ya riƙe asiri. Abin da na lura kawai, ya fara mayar da abinci, sannan ya rage shan ruwa. A zafin garin nan, mutumin da likita ya gargaɗe shi kan ƙoda, sai in kai masa kofi ya jiƙa leɓe ya kau da kai. Da na matsa masa, har da kuka, sai ya ce:

"Safiya, gara ƙishirwa da ki ga al'aurata."

Shi ya goya ni ina ƙarama. Shi ya zama waliyyina ranar aurena. Na tambayi malamai, sun ce larura ta halatta mini in yi masa, in sa safar hannu in kau da ido. Na kai masa wannan fatawar, ya juya fuskarsa bango.

Saboda haka, cikin girmamawa, ina roƙon abubuwa kamar haka. A mayar da rabon kuɗin yadda yake a da, ko da na wucin gadi ne, kafin Malam Sani ya karɓi wancan aikin. A sake turo mai dubawa ba tare da sanarwa ba, ya same mu yadda muke; ba zan ji daɗi ba, amma zan buɗe ƙofa. A turo namiji ya duba jikin namiji, mace ta duba mace, kuma a saurari mai jinyar da ke yin aikin da hannunsa. A riƙa tambayar abin da gida ya samu a shekara gaba ɗaya, ba a watan Hajji kaɗai ba. Sannan wanda aka yanke wa hukunci ya samu inda zai zauna a saurare shi, ba sai shekara ta zagayo ba, don ba kowane majinyaci ne ke kai shekara ba.

Idan wata ya kama ban ji daga gare ku ba, zan sayi safar hannu, in yi bisimilla, in yi abin da ya wajaba. Ni zan iya. Shi ne ba na jin zai yarda ya rayu har ya ga ranar.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da basira, ya yi muku jagora a kan amanar da ke wuyanku. Allah ya ba ku tsufa mai sutura, ya sa kada ranar ta zo da ɗayanku zai ƙi ruwa don kunyar ƙanwarsa. Idan na yi kaushin harshe a wani wuri, ku yafe mini.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Taku cikin girmamawa,
Safiya Malam Haruna,
Shisha, Makka.