Rasuwar Alhaji Salifou Illiassou, da Halin da Ya Bar Hajiya Raliatou

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Zumuntar Hausawan Lyon da Paris ta samu labarin rasuwar dattijonta kuma mashawarcinta, Alhaji Salifou Illiassou Damagaram, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Litinin a gidansa da ke unguwar Minguettes, Vénissieux, kusa da Lyon.

Marigayi Alhaji Salifou shi ne ya wayar mana da kai a kan inshorar jinyar gida, lokacin da yawancinmu ba mu san ana iya turo wa tsoho ko naƙasasshe ma'aikaciyar jinya har ɗakinsa ba. Ya raka dattawanmu ofis-ofis daga Villeurbanne har Sevran, yana yi musu tafinta, kuma idan aka ce a dawo gobe, kafin a buɗe ƙofa yana nan tsaye da hularsa.

A nasa gidan kuwa, tun da ɓarin jikin mai ɗakinsa, Hajiya Raliatou, ya shanye, inshorar ba ta biya sai ziyarar safe kawai, sauran yinin shi ne hannunta, shi ne ƙafarta. Ya so ƙwarai su koma Damagaram, amma inshorar jinyar ba ta ƙetare iyaka, a nan kuma ba ta wadatar ba, don haka ya haƙura ya zauna, gaba kura baya siyaki. Wannan ya yi mana ciwo, ba za mu ɓoye ba.

Za a ɗauki gawarsa a jirgin sama daga Paris zuwa gida Damagaram ranar Alhamis. Hajiya ba za ta iya rakiya ba. Za ta yi takaba a kan gadonta a saman bene, kuma har yanzu kamfanin inshorar, wadda da sunan marigayi aka yi ta, bai ce mana ko ziyarar safen ma za ta ci gaba ba.

Allah Ya jiƙan Alhaji, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba Hajiya da dangi juriyar wannan babban rashi.

Muna roƙon iyayenmu mata su raba kwanaki a tsakaninsu domin kula da Hajiya. Masu zuwa ta'aziyya kuma su karɓi makulli wurin maƙwabciya, Madam Leïla, kada su tsaya ƙwanƙwasawa, domin babu mai tashi ya buɗe.

Malam Nouhou Ɗan Juma
Kakakin Ƙungiya
Lyon, Maris 1986