Waɗanda Aka Haifa Ɗaya ga Janairu

Litinin, 10 ga Mayu 2010

Yau Mushe Sha'ibu, shugaban biro ɗinmu, wato ofishinmu, ya yabe ni a gaban kowa. Furogaram ɗin da na rubuta na jerin masu karɓar hatsin agaji ya kama sunaye ɗari da arba'in da uku da aka shigar sau biyu a ƙauyukan Droum, ya share su da kansa. In suna ɗaya ne, sunan uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, gari ɗaya, to mutum ɗaya ne. Me ya fi wannan sauƙi? An ce Alkasum, wanda ya zaga ƙauyukan ya yi ƙidayar, ya zauna gida sai an bincika. Yana fita yana cewa, "Wallahi kowane gida da ƙafata na shiga." Na ce a raina kowa ma haka yake faɗa. Ni dai jerina ya fita tsaf.

Alhamis, 13 ga Mayu

An yi rabo a Droum. Ban je ba, aikina a nan yake.

Litinin, 17 ga Mayu

Na tarar da mutane zaune a ƙofar biro, su goma sha tara, daga Garin Kolo. Tun asuba suka taso, wasu a ƙasa. Ba a kira sunayensu ba ranar rabo. Mushe Sha'ibu ya turo ni wajensu, wai ni na san kan jeri.

Wani dattijo siriri, Nomau suke ce masa, ya ba ni sunansa na katin shaida: Mahamadu Inusa. Na duba, ga shi a jeri, har da alamar ya karɓa. Na ce, "Baba, ai ka karɓa." Bai yi gardama ba. Ya kwance bakin rigarsa ya nuna mini anza, 'ya'yan daji masu ɗaci da suke jiƙawa kwana da kwanaki kafin su ciyu. Ya ce, "Mushe, da na karɓa, wannan zan ba yara?"

Na ce su koma, za a duba. Muryata ma ba ta yi mini daɗi ba.

Talata, 18 ga Mayu

Na fara da abin da kowa ke farawa da shi. Na ce ko cuta ce ta shiga ordinatar, wato kwamfuta, ta kile, ɗan abin kwasar bayanai da ake yawo da shi daga tebur zuwa tebur. Na wanke na'urar tas, babu komai. Na cire furogaram ɗin na sake saka shi. Jeri ɗaya ya fito. Na kai shi ordinatar Ramlatu, mai shigar da bayanai, nan ma haka. An ɗauke wutar kuran sau uku, man gurup, injin wutarmu, ya ƙare da azahar. Zafi kamar a bakin tanda.

Laraba, 19 ga Mayu

Ba cuta ba ce. Da ma a ce cuta ce.

Alhamis, 20 ga Mayu

Na yi wa Ramlatu faɗa. Na ce hannunta ne yake sauri, ita ta buga suna sau biyu. Ta tashi ta jawo katon ɗin, kwalin takardun ƙidaya na Garin Kolo, ta dire a kan teburina, har shayina ya zube. Ta ce, "Malam Suma'ila, abin da ke takarda shi na buga. Ka ƙirga." Na ƙirga don in kunyata ta. Takarda ɗari biyu da shida. A jeri ɗari da tamanin da bakwai. Goma sha tara ne bambancin, daidai da mutanen da suka zauna a ƙofa.

Na kasa cin tuwo. Matata Hajjo ta tambaye ni ko zazzaɓi ne, na ce mata i. Shekara shida da aurenmu, ta san ƙarya nake.

Juma'a, 21 ga Mayu

Na gano. Ya Allah.

Na bi furogaram ɗin layi bayan layi, kamar yadda aka koya mana a Yamai, ina tsayar da shi a kowane mataki. Babu inda ya kauce. Abin da na ce ya yi, shi ya yi. Sai na ciro takardun Mahamadu Inusa. Biyu ne. Ɗaya gida mai mutum tara, a gefe Alkasum ya rubuta Ado da fensir. Ɗaya gida mai mutum bakwai, a gefe Nomau. A wurin haihuwa duk biyun an sa wajen 1960, babu rana babu wata.

Mutumin ƙauye ba a asibiti aka haife shi ba. Ka tambaye shi shekarunsa ya ce shekarar fara, ko bayan rasuwar maigari na da. Mai ƙidaya ya dubi furfurarsa ya ce hamsin. Rabin gari hamsin ne, sauran arba'in. Ni kuwa na hana furogaram ɗin karɓar shekara ita kaɗai, sai da rana da wata. Ramlatu ta ce ta zo ta tambaye ni tun watan Maris, na ce mata ba tare da na ɗago kai ba, "Sa ɗaya ga Janairu, haka ake yi a kati." Na tuna. Wallahi na tuna.

Ga kuma suna. A ƙauye sunan yanka bai wuce goma ba yana zagayawa, kowa da laƙabinsa ake saninsa. Ni ban bar gurbin laƙabi ba, na ce ba na hukuma ba ne.

Da na gwada furogaram ɗin, da sunayen ma'aikatan biro na gwada. Mu 'yan cikin gari ne, unguwannin Birni da Zango, kowa da takardar haihuwarsa. Shi ya sa bai taɓa yin kuskure a gabana ba.

Asabar, 22 ga Mayu

Babu wanda ya sani sai ni da Ramlatu. Zan iya gyara layin nan na furogaram ɗin shiru, rabo na gaba kowa ya fito. Rabo na gaba sai Yuli, in ma za a yi. Na zauna a zaure ina ta juya wannan, kunya ta ishe ni da har na iya tunaninsa. Amma na yi tunanin, kuma ba sau ɗaya ba.

Litinin, 24 ga Mayu

Direba ya ce mini ragowar hatsin da ke mangaza, ma'ajiyarmu, za a loda shi zuwa Garagumsa ranar Alhamis. Bayansa babu ko tiya. In jerin waɗanda aka tsallake bai hau teburin Mushe Sha'ibu ba kafin Laraba da yamma, shi ke nan.

Na shiga na faɗa masa. Na shirya dogon bayani, abin da ya fito kawai shi ne, "Mushe, ba Alkasum ba ne. Ni ne." Ya cire tabarau ya daɗe yana kallona. Ya ce rahoton da ya aika Yamai fa, wanda ya yi alfahari da kama maguɗi? Na ce sai a sake wani. Ya ce maganar aikina za mu yi ta daga baya, yanzu in kawo masa sunaye.

Sunayen kuwa babu su. Furogaram ɗin share su yake yi, ba ya ajiye komai a gefe. Ajiyar da nake yi duk Juma'a a kan faifai, sabuwa nake ɗorawa a kan tsohuwa. Duk wadda na buɗe, bayan sharewar ce.

Talata, 25 ga Mayu

Takarda dubu huɗu da ɗari biyu, sai an gwada kowace da jeri da hannu. Ni da Ramlatu daga safe zuwa azahar mun yi ɗari shida. Ba za mu kai ba ko da mun rabu biyu.

Ta ce, "Ka je ka kira shi mana."

Na je gidan Alkasum a kan moto, babur ɗina, da rana tsaka. Na same shi yana gyaran danga. Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni, ya ce, "Gidaje nawa?" Na faɗa. Ya wanke hannu ya hau bayana. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 26 ga Mayu

Mutumin nan ba ya duba jeri. Takarda yake ɗauka ya ce, wannan Mahamadu Abdu na bakin rijiya ne, akwai wani mai rauni a ƙafa, nemo shi. Gari bayan gari yana ware masu suna ɗaya, mu muna gwadawa. Da la'asar muka cika ɗari da arba'in da uku. Mushe Sha'ibu ya sa hannu a tsaye, ya ce a rage buhunan daga lodin Garagumsa. Su ma can mutane ne, na sani. Ban san yadda ake gyara wannan ba.

Na cire layin da ke sharewa. Yanzu in ya ga suna biyu iri ɗaya, tsayawa yake ya tambaya. Na ƙara gurbin laƙabi, shekara kuma tana shiga ita kaɗai. Duk aikin bai kai rabin awa ba. Rabin awa.

Asabar, 29 ga Mayu

Garin Kolo. Na bi kamiyo, babbar motar hatsin, na ce don in ga ko jerin ya yi daidai ne. Rumbuna a buɗe, an kware rufin wasu an ba dabbobi. Alkasum ya miƙo mini takarda ya ce ni zan kira. Na kira da laƙabi, mutane suna amsawa tun kafin in rufe baki. Gida uku ba a amsa ba, an ce sun rufe ƙofa da ƙaya sun yi Kano.

Ado ya zo tare da Nomau. Ashe buhunsa ya raba musu, gida biyu, mutum goma sha shida, bai kai kwana goma ba. Na kira Nomau, na karanta yadda aka saba: Mahamadu Inusa, Nomau, mutum bakwai. Ya matso kusa don kada a ji, ya ce, "Mushe, ka gyara. Mu shida ne yanzu. Ƙaramar, Lami, ranar Talata." Ya faɗa kamar mai taimaka mini da aikina. Na ce Allah ya jiƙanta, ya ce amin, ya dangwala yatsa.

Mun dawo kafin magariba. Na shigar da alamar karɓa gida bayan gida. Da na iso layinsa na daɗe a zaune. Ramlatu ta leƙo ta ce ko furogaram ɗin ya sake tsayawa ne. Na ce a'a, lafiya yake aiki.

Na bar shi bakwai.