Iska a Tulun Baba

Fakku

Yaya Uthman,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali. Dada na gaishe ku, ƙafarta da sauƙi.

Ɗan kabu-kabun da ka aiko ya iso bisa babur da kwalba, na cika mishi kamar na baya. Amma ka saurare ni. Tsimin zumar ga shi ne na ƙarshe da Baba ya haɗa da hannunshi kafin ya kwanta ciwon ajali. Ko ofis ya mantar da kai, ƙa'idarshi guda ce: tulu ya zauna cike har wuya. In ya sauka, iska ta samu wurin zama a sama, farar fumfuna ta shimfiɗu, shi ke nan ya koma tsami. Da ragowar ga nika son tada sabo in an ɗebi zuma ga amya da bazara. In ya mutu, ba mu da iri. Yanzu hannuna na shiga har gwiwa kafin in taɓa ruwa.

Kak ka ƙara aikowa.

Ƙanenka, Mu'awiyya

Tambuwal

Mu'awiyya,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni lafiya. Ina fata kana kula da Dada da shanu yadda ya kamata.

Maigidana na ofis ya ji daɗin tsimin, kuma ba mutumin da ake hana wa abu ba ne. Ga wata kwalba nan, a cika ta sosai, a toshe. Idan tulu ya sauka, ka ƙara ruwa mana. Kuma ka riƙa tauna magana kafin ka rubuta wa na gaba da kai.

Yayanka, Uthman

Fakku

Yaya,

Salama da gaisuwa. Ruwa! Wallahi sai da na karanta wurin nan na sake karantawa, na zaci karatun nawa ne da ban yi ga aji ba ya cuce ni. In ƙara ruwa ya zama mi? Jiƙon kanwa? Kai da oganka ku sha ruwan famfo can, ya fi muku kusa.

Na cika kwalbar don Dada ta ce in cika. Ba don kai ba.

Ka san abin da nika yi yanzu? Tsakuwa nika tsintowa bakin gulbi, in wanke, in dafa, in jefa cikin tulu don ruwan ya hau wuya. Dada ta same ni ina dafa duwatsu, ta ce, "Auta, in sun nuna ka ɗebo mini." Maccido maƙwabcinmu ya shelanta ga majalisa wai na fara giyar dutse. Na ci gaba da dafa duwatsuna.

Na nemi ƙaramin tulu in juye, sai na kasa. Wannan tulun Baba ne ya liƙe bakinshi da laka, sawun yatsunshi na nan.

A gaida matarka Zulaihat.

Mu'awiyya

Fakku

Yaya,

Salama. Tsimi ya mutu. Da safe na buɗe, fari fat a sama kamar an yafa mishi ƙyalle. Na yaye, na ɗanɗana, haƙorana sunka mutu. Tsakuwar ba ta riƙe shi ba.

Dada ta shinshina ta mayar da murfi, ta koma ɗakinta. Da ta yi faɗa da ya fi mini.

Ka gaida oganka. Ka ce mishi ya shanye mu.

Mu'awiyya

Tambuwal

Ɗan autan Dada, mijina na ƙauye,

Assalamu alaikum. Zulaihat ce. Yayanka ya karanta takardarka ya fita bai ci abinci ba, ni ko na ɗauka na karanta. Bai san na rubuto ba.

Kai dai bakinka ya fi ƙafarka sauri. Babu wani ogan da ya sha. Ogan nasu ciwon suga gare shi, ko shayi ba ya sa wa zaƙi. Kwalaben suna nan ƙarƙashin gado, jere, cike har baki yadda ka toshe su. Bai sha ba, bai ba kowa ba. Wani lokaci yakan jawo ɗaya ya riƙe, ya daɗe zaune, ya mayar. Kai ka yi jinyar Baba, ka wanke shi. Shi sai kabari ya tarar an rufe. Ba zai iya ce wa ƙanensa yana son abin hannun tsohon kusa da shi ba, ka san halinsa.

Na ɗaga su a haske ɗazu. Garau suke, babu fari ko kaɗan.

Sauran magana tsakaninku ce. A gaida mini Dada da kyau.

Zulaihat

Fakku

Yaya Uthman,

Assalamu alaikum. Ƙudan zuma sun cika amya biyu na bayan gona.

Kwalba guda nika so don iri, ba duka ba. Kak ka ba ɗan kabu-kabu, hanya ta lalace. Ka kawo da kanka. Ban iya haɗa shi ni ɗai.

Ƙanenka, Mu'awiyya